Yarona da gyaɗa ba su shiri, kuma gidanmu gidan ƙuli ne, don Allah ku ban shawara

Mai neman shawara (admin a ɓoye sunana):
Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. A nan Sakkwato nike aure wajen Runjin Sambo, gidan yawa ne, ni da faccalolina biyu da uwar mijinmu da muke ce ma Inna. Inna tun kafin a haifi maigidana sana'arta ke nan, ta soya gyaɗa ta kai inji ta matse mai ta yi ƙuli, da shi ta aurar da ɗiyanta mata huɗu, da shi ta sauke farali, kuma wallahi ni ban taɓa samun matsala da ita ba, da na haihu ita ta yi min wankan jego har na yi arba'in ba ta bari na tafi gidanmu ba, matsalata dai faccalata ƙarama ce da komai anka yi sai ta kai mata, ko gishiri na ara sai Inna ta ji, amma ba shi ya kawo ni ba.

Ranar Asabar munka je sunan ƙanwar maigidana a Mabera, dama ban so zuwa ba don ankon ma a makare anka ba ni. Ina can wajen rabon abinci sai wata ta miƙa ma yarona kilishi, shekararshi uku. Ko minti goma ba a yi ba ya zo shina sosa wuya, na duba na ga leɓenshi na ƙasa ya yi suntum, ido ɗaya ya kusa rufewa, jikin duk ya yi ruɗu-ruɗu kamar an zane shi da bulala. Sai amai. Sai wani tari, da ya buɗe baki zai ce Mama muryar ta disashe kamar ba tashi ba. Na saɓe shi ko takalmi ban tsaya nema ba munka yi kemis, anka yi mishi allura anka ba shi firiton, da magariba kumburin ya faɗa.

Yanzu Inna ta ce borin jini ne kawai, wai ba a taɓa jin jikan mai gujiya da gujiya ta kashe ba, a riƙa ba shi kunun gyaɗa cokali-cokali kullum har jikinshi ya saba. Maigidana ya yi shiru, ya ce in bi a hankali. In ba shi ko in hana? In na hana ta yaya, alhali turmin ma a ƙofar ɗakina yake?

Maman 'Yan Biyu:
Subhanallahi, Allah ya ba shi lafiya. Amma wannan ne karo na farko? Ba ki faɗa ba.

Hajiya Uwar Marayu:
Ke 'yar nan kwantar da hankalinki. Ni na haifi tara na riƙe na wasu, babu irin borin jinin da ban gani ba. Da ya taso ki ɗura mishi manja cokali biyu ki shafe jikin da shi, da safe zuma da man habbatus sauda, ki yi tofi. Maganar surukarki kuma gaskiya ce, ɗana da ke karatu a waje ya ce su Turawan da kansu sun dawo sun ce a ba yara gyaɗa, hana su ne ke kawo ciwon. Ku yaran zamani komai ku ce alaji, mu da munka tashi da ƙuli a aljihu wa ya kumbura?

'Yar Gawon Nama:
Hmm uwar miji ke nan. Ni tawa da ɗiyata tana wata biyu ta ɗura mata jiƙo a bayan idona, kwana huɗu munka yi a gadon asibiti, da na yi magana anka ce ban da kunya, har yau mijin bai ce mata kanzil ba. Mazan nan in dai uwarsu ce sai su zama kurame. Ke dai ki tattara ki nemi a raba muku gida.

Sista (ɗakin yara nike aiki):
'Yar uwa don girman Allah kar ki ba shi, ko ɗanɗane. Hajiya ki yi haƙuri, ke uwa ce, amma abin da ta kwatanta ya wuce borin jini. Borin jini a fata yake tsayawa. Yaron da fatarshi ta tashi, ya yi amai, ya yi tari har murya ta canza cikin minti goma, maƙogwaronshi ne ya fara kumbura daga ciki, shi muke kira anafilaksis, kuma shina kisa.

Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jikinshi ta ɗauki furotin na gyaɗa a matsayin abokin gaba, ta ƙera mishi makami na musamman da ake ce ma IgE, su kuma suna manne a jikin wasu ƙwayoyi da ake kira mast da ke cikin fata da hanji da hanyar numfashi. Da gyaɗa ta shigo ta taɓa su sai ƙwayoyin su fashe su zubo da histamin da 'yan uwanshi lokaci guda, jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsiyaye cikin nama shi ne kumburin, hanyar iska ta matse, jini ya yi ƙasa. Firiton histamin kaɗai yake tarewa kuma a hankali, zai kwantar da ƙaiƙayi amma ba ya buɗe maƙogwaro. Allurar rage kumburi ta haidirokotison ma sai ta ɗau sa'o'i kafin ta yi aiki. Maganin farko allurar adirenalin ce a naman cinya ta gefen waje, in bai lafa ba bayan minti biyar a sake. Kuma yaron da ke fama da numfashi ba a ɗura mishi komai, manja zai iya bi ta huhu. Wace allura anka yi mishi a kemis ɗin? Kuma shina da asma?

Mai neman shawara:
Sista ban san sunan allurar ba wallahi, a ɗuwawu dai anka yi. Kuma masu min magana ta inbos wai don mi ban kai shi asibiti ba, ku da kuna wurin da kun san kemis ɗin ne kusa, mai adaidaita ma sai da na roƙa, kuma mutumin ya san aikinshi shekara da shekaru muna zuwa wurinshi, ga shi yaron ya warke. Asma kuma ban sani ba, in hunturu ya shigo dai ƙirjinshi na yin ƙara da dare, an taɓa ba mu abin shaƙa. Maman 'Yan Biyu ba na farko ba ne, da ina yaye shi na ba shi kunun gyaɗa bakinshi ya yi ja ya amayar, tun daga nan ko an ba shi ƙuli tofarwa yake, mun ɗauka tsirfa ce.

Hajiya Uwar Marayu:
To kun ji, ya warke. Allah ke warkarwa. Su ma'aikatan asibiti komai sai sun tsorata mutum, ni da ƙanena ya kwanta haka sunka yi ta cewa a yi gwaji kaza a yi hoto kaza, kuɗi sunka ƙare, daga baya a gida ya miƙe. Ki bi maganar manya 'yata, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Sista:
Hajiya binciken da ɗanki ya faɗa miki gaskiya akwai shi, a Landan anka yi, anka fitar a 2015, jarirai 640 'yan wata 4 zuwa 11. Waɗanda anka fara ba gyaɗa da wuri sun fi waɗanda anka hana tsira, da kusan kashi 80 cikin ɗari. Amma rigakafi ne ga jaririn da bai riga ya kamu ba, waɗanda gwajin fatarsu ya tashi sosai tun farko ma ba a saka su ciki ba. Shi wanga ya riga ya kamu, sau biyu jikinshi na faɗa. Akwai hanyar saba ma jiki kaɗan-kaɗan, har Amurka ta amince da wani magani na garin gyaɗa a 2020, amma a asibiti ake farawa da awon miligiram, likita na tsaye da adirenalin a hannu, ba cokalin kunu a tsakar gida ba. Kuma 'yar uwa wannan ƙarar ƙirjin da kika faɗa kamar wasa ita ta fi tayar min da hankali, mai asma shi ya fi shiga haɗari in abin ya taso. Sannan ko ya lafa yakan dawo bayan sa'o'i ba tare da ya sake cin komai ba, shi ya sa muke riƙe su a asibiti mu sa ido.

Bakanuwa a Sakkwato:
Ni tambaya gare ni, gujiyar da Inna ke faɗa gyaɗa ce ko gurjiya? Don mu a Kano daban ne. Kuma ni ma in na sha fura da nono cikina ya yi ta ƙugi da kumburi, shi ma alajin ne?

Malama mai kemistiri:
Gyaɗa ce, haka muke ce mata nan. Naki kuma kamar ba shi ba ne, ya fi kama da rashin sinadarin laktes da ke narkar da sukarin madara, damuwa ce ta ciki, ba ruwan garkuwar jiki, ba ya shaƙe mutum.

Mai tambaya ki kula da wani abu. Abin da ke tayar mishi furotin ne, ba man ba. To mi ne ne ƙuli? Abin da ya rage ne bayan an matse mai, wato furotin ɗin ne anka tattara wuri guda. Kilishin da ya ci da tunkuza ake yin labunshi, yajin tsire da garin ƙuli ake haɗa shi, ga dakuwa, ga miyar taushe, ga kwaɗon zogale da rama, ga garin kunun yara da ake haɗawa da waken suya da gyaɗa, har abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa gyaɗa ce. Kuma kar wani ya ce miki in an soya ko an dafa ya mutu, babban mai laifin, furotin ɗin da ake kira Ara h 2, wuta ba ta kashe shi, ruwan ciki ma ba ya narkar da shi da sauƙi, bincike ma ya nuna soyayya ta fi dafaffa tayarwa. Man kamfani da anka tace sosai kusan babu furotin a ciki, amma irin na Inna da ake matsa da hannu, wanda in ya kwana za ki ga gari-gari ya kwanta a gindin kwalba, wannan akwai shi ciki. Da wane mai kuke girki?

Mai neman shawara:
Da na Inna mana, wa zai sayo mai a waje a gidan mai mai? Ai da shi yake cin abinci kullum kuma ba ya kumbura, sai dai ƙuraje da bushewar fata a bayan gwiwa da wuya tun shina jariri, Inna kan shafa mishi man gyaɗar ma ya yi laushi.

Sista:
Innalillahi. Shafawar nan ki tsayar da ita yau, ki koma baselin. Fatar da ta tsattsage ƙofa ce, ta nan gyaɗa ke shiga jiki ya fara ƙin ta tun kafin yaro ya taɓa ci, balle gidan da ƙurarta ke ko'ina. Kuma don bai kumbura jiya ba ba shi ke nuna gobe ba, yawan abin da ke cikin kowace kwalba daban, in shina mura ko ya yi guje-guje ma jikin ya fi saurin tashi. Ki kai shi asibitin koyarwa na jami'ar Ɗanfodiyo (UDUTH) ɓangaren yara ki ba likita labarin nan duka har da na yaye da na ƙirji. Akwai gwajin tsaga fata da na jini, amma labarin da kika bayar shi ne babban shaida. Ki tambaye shi maganar adirenalin na ajiyewa, akwai mai kamar biro irin EpiPen, sai dai samunshi a nan aiki ne ga tsada, kuma ba ya son zafi, ana son shi wajen digiri 25, mu kuwa a watan huɗu muna wuce 40, ba na bari a mota ko bakin taga ba ne. In ya sake faruwa ki kwantar da shi ki ɗaga ƙafafu, in numfashi ya yi wuya ya zauna, kar ya tashi tsaye, ku nufi asibiti ki ce musu anafilaksis tun daga ƙofa.

Maman 'Yan Biyu:
Sista yana warkewa kuwa in ya girma? Ɗan yayata ƙwai ne nashi, yanzu shina ci lafiya.

Sista:
Na ƙwai da madara yawanci suna barin shi. Na gyaɗa kamar ɗaya cikin biyar ne kawai, kuma likita ke gwadawa a asibiti ya tabbatar.

Hajiya Uwar Marayu:
Wato yaro ya rayu ba tsire ba kilishi ba taushe a garin Shehu? Ku ji min. Ni dai na faɗi tawa. Kuma ku bincika da kyau, taron suna ne, ba kowa ke son ka da ɗa namiji ba, wa ta miƙa mishi kilishin?

'Yar Gawon Nama:
Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi, ni faccalar nan tata ban yarda da ita ba.

Mai neman shawara:
A'a don Allah kar a kai maganar can, wadda ta ba shi baƙuwa ce ba ta ma san ɗan waye ba. Masu cewa in bar gidan kuma ba ku san halin da ake ciki ba, maigidana albashinshi ko wata ba ya kaiwa, da kuɗin ƙulin nan ake cika cefane, in je in ce ma tsohuwa ta daina sana'arta ta shekara arba'in saboda ɗana? Kuma ita ba mugunta take nufi ba, ranar ita ta kwana da shi a bayanta. Asibitin zan je in sha Allah in an yi albashi. Man shafawa na daina. Na girki ne ban san yadda zan yi ba, tukunya ɗaya muke yi, in na ware tawa za a ce na raba gida.

Sista:
Ki tafi da maigidan asibitin ya ji da kunnenshi, shi zai iya gaya ma Inna. Kunun fa, kin ba shi ko ba ki ba shi ba?

Mai neman shawara:
Ban ba shi ba, na ce mata cikinshi bai gama daidaita ba. Amma gobe Laraba ranar suya ce, buhu biyu anka kawo ɗazu, kuma ta ce jibi da kanta za ta dama mishi.

Bakanuwa a Sakkwato:
Allah ya kawo mafita. Don Allah nawa Inna ke sai da kwalbar man? Na wajenmu duk haɗi ne.