Hotunan faretin dare suna fito mini dishi-dishi, a taimaka

Jama'a, barkanmu da warhaka. Jiya da daddare muka kalli faretin motocin fitilu a wurin shaƙatawa na Tokyo Disneyland da ke Japan ni da iyalina. Hotuna sun fi ɗari na ɗauka, ko biyar ban tsira da su ba.

In na sa saurin ɗauka a 1/30 na daƙiƙa, fitilun sai su ja layi kamar an shafe su da hannu. In na kai 1/250, fuskokin masu rawa su yi duhu, in kuma na ɗaga ISO (saitin ƙara wa hoto haske) zuwa 6400 sai ya cika hoton da tsaki-tsaki. Buɗewar gilashin kyamarata ba ta wuce f/5.6, wato haske kaɗan ke shiga, ga shi an hana kafa ƙafar kyamara a wurin.

Jibi za mu koma, 'yata hoton ɗan katun Mickey Mouse take ta roƙo. Don Allah wane saiti zan gwada?