Gajerun wasannin barkwanci na gidajen talabijin: za su iya rayuwa a intanet?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya bayan sallar isha'i na tsaya wurin mai shayin unguwarmu, na tarar da samari biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon wani wasan barkwanci da bai kai minti huɗu ba, ga kuma talabijin ɗin mai shayin a kunne, babu mai ɗaga kai ya dube ta. Abin ya tsaya mini a rai. Tashoshi irin su NTA Sakkwato da talabijin ta Rima suna da kyamarori da ɗakunan ɗauka da ma'aikatan da suka daɗe a aikin. Shin idan suka shiga shirya irin waɗannan gajerun wasanni musamman don masu kallo a waya, abin zai mayar da kuɗin da aka kashe?

Malamin Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Malam, idan kuɗin YouTube kaɗai za a dogara da shi, da wuya. Kafin shafi ya fara samun rabon kuɗin talla a kan bidiyo, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 (ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyon Shorts cikin kwana 90 a madadin awoyin), kuma wasan minti uku yana daɗewa bai tara waɗannan awoyi ba. Bayan haka ma kashi 55 cikin ɗari ne rabon mai shafin, ga shi tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ba ya tsada kamar na Amurka ko Ingila. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, tana ɗora shirye-shiryenta a YouTube, amma an fi saninta da masu dogon zango. Gajeren wasa sai da ɗan kasuwar da zai ɗauki nauyinsa tun kafin a kunna kyamara.

Tsohon mai tace hoto:
Ni matsalar rubutu na fi gani. A wata tasha da na yi aiki, mun taɓa yanka wasan rabin awa gida shida muka ɗora, kuma bai karɓu ba, domin gutsure na farko gaisuwa ce kawai da shimfiɗa tabarma. Mai kallo a waya da kuɗin datarsa yake kallo, ba zai jira a gama tambayar iyali da gajiya ba. Dole kowane kashi ya zo da rikicinsa, ya kuma warware shi da kansa. Sannan a kula da sauti, saboda yawancin mutane a cikin hayaniya suke saurare.

Hajiya daga Arkilla:
Ɗana, ni roƙona ɗaya ne ga duk wanda zai yi. Na gaji da ganin an sa Basakkwace a wasa don kawai ya ce “hwari” ko “shina zuwa” a yi masa dariya. Ina son in ga wasan da alƙali da likita da mai sayar da fura duk Sakkwatanci suke yi, dariyar kuma ta fito daga halin mutane, kamar rigimar surukai ko wasan da ke tsakanin Bagobiri da Bayarabe. Jikokina a nan gidan, idan suka ji harshen gida a waya, sai sun maimaita kallon har sau uku, su kuma kawo mini in gani.