Yaya zan mayar da abubuwan da yara ke tsinta a waje su zama darasi?

Malamar Aji Biyu:
Assalamu alaikum. Ina koyar da yara 'yan shekara shida zuwa bakwai, kuma duk lokacin da muka fita harabar makaranta sai su dawo da aljihu cike da tsakuwa, busasshen ganye da gashin tsuntsu, kowa yana cewa nasa ne kuma ba zai yar ba. Ba na son in kashe musu wannan sha'awa, amma ban ga yadda za ta amfani karatunsu ba. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a aikin.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, Malama. Masana tarbiyya sun daɗe da gane darajar wannan hali. Friedrich Froebel, wanda ya kafa makarantar ƙananan yara a Jamus a 1840, yakan ba kowane yaro ɗan fili a lambu domin ya shuka abin da yake so ya kula da shi, haka kuma Maria Montessori, da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Roma a 1907, ta dogara ne ga abin da yaro zai taɓa da hannunsa. A ganina, amfanin ba ya cikin tsintar, yana cikin komawa ga abin da aka tsinta. Ki ba kowane yaro ƙaramin kwali, ki sa ya rubuta ranar da ya sami abin da wurin da ya same shi, sannan ya zana shi. Ganye a danne shi tsakanin takardu a ƙarƙashin littafi mai nauyi kamar mako biyu, daga nan yara su jera ganyayen su kwatanta jijiyoyinsu da bakinsu. Tsakuwa kuwa tana koyar da ƙidaya da rarrabewa bisa girma ko launi ko santsi, kuma idan yaro ya tambayi dalilin da ya sa dutsen bakin rafi ya fi santsi, kin sami ƙofar bayanin yadda ruwa ke goge dutse a hankali. Yaro yana riƙe irin wannan bayani ne saboda dutsen nasa ne, shi ya tsinto shi.

Uwar Yara Uku:
Na yarda da Malam, sai dai ina roƙon a kula da lafiya. Idon zakara yana jan hankalin yara saboda jansa da ɗigon baƙinsa, alhali yana da guba mai kisa idan aka tauna shi, haka ma ƙwayar zurma. A wanke hannu bayan an taɓa gashin tsuntsu, kuma a nisantar da ƙananan tsakuwa daga ƙannensu da ba su kai shekara uku ba, domin suna iya shaƙe su.

Tsohon Malami:
Gaskiya ne, Hajiya. Zan ƙara da cewa a koya musu ɗaukar abin da ya riga ya faɗi ƙasa kawai. Sheƙar da ke da ƙwai da furen da ke jikin reshe a kalle su a inda suke, a zana su a littafi.

Malamar Aji Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da kwalayen da danne ganye a mako mai zuwa, in sha Allahu, kuma zan duba kowane iri da kaina kafin ya shiga aji.