Gilashin f/1.4 da mitar kyamara: ina kuskuren yake fitowa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tsohon gilashin kyamara (lens) ne, 50mm f/1.4 (lambar f ita ce faɗin ƙofar haske: ƙaramar lamba, babbar ƙofa), a kan DSLR, wato kyamarar dijital mai madubi, ta hanyar adafta. Bango ɗaya, haske ɗaya, allurar mitar auna haske na tsakiya, amma hasken hoton f/1.4 daban, na f/8 daban. Wa ya taɓa cin karo da wannan?

Mai gyaran kyamara: Wa alaikumus salam. Malam, gilashinka lafiyarsa ƙalau. Mitar DSLR tana can sama, bayan allon saiti, wato allon da kake ganin hoto a kansa ta tagar leƙe, don haka abin da allon ya bari ya wuce shi kaɗai take gani. Allunan yanzu an ƙera su ne don gilasan zum masu ƙaramar ƙofa, ba sa kama hasken da ke shigowa a karkace daga gefe. Sa ido a tagar leƙe ka murɗa zoben ƙofa daga f/2.8 zuwa f/1.4. Haske ya ninka sau 4, amma da ƙyar za ka ga ƙari. Gilashi mai lantarki yana gaya wa kyamara faɗin ƙofarsa sai ta gyara lissafi. Adaftar ƙarfe zalla kuwa bebiya ce.

Mai hoton fuska: Haka yake. Na sa allon saiti samfurin Eg-S a kyamarar Canon 5D Mark II, awo bai daidaita ba sai da na zaɓi sunan allon a cikin menu. Allo mai tsaga a tsakiya kuma, kada ka yarda da awon ɗigo (auna haske a ɗan wuri ɗaya kawai) a kansa.

Mai hoton dare: Hajiya mai hoton fuska ta yi gaskiya, amma akwai dalili na biyu. Ita kanta sensa, wadda ke ɗaukar hoton a cikin kyamara, ba ta shanye hasken da ya zo mata a kaikaice. Gwaje-gwajen DxOMark, masu gwada kyamarori, a 2010 sun nuna kyamarori da yawa na ƙara ISO (ƙarfin jin haske) a ɓoye idan ƙofa ta faɗaɗa sosai, don cike giɓin. Na gwada da gilashi mai lantarki: a M (saitin hannu), ƙofa a buɗe gaba ɗaya, na ɗauka, sannan na sassauta gilashin kaɗan har lantarki ya yanke na sake ɗauka. Na biyun ya fi duhu. Ka riƙe gilashin da hannu, kada ya suɓuce.

Mai Nikon: Mu namu da sauƙi a kyamarar da ke karɓar gilasan AI, tsofaffin gilasan Nikon marasa lantarki: ka shigar da 50mm da f/1.4 a menu. In ka bar bayanin wani gilashin a ciki, awon faɗin hoto zai kauce.

Mai hoton waje: Wani lokacin ma ba mita ba ce. Da rana tsaka, ISO 100 a f/1.4 na neman kusan 1/12800 na daƙiƙa, labulen kyamara (shutter) kuwa ya tsaya a 1/8000 ko 1/4000. Lamba na ƙyaftawa, hoto ya ƙone. Tacen ND, mai rage haske, mai mataki 3 ke magance shi; kowane mataki rabin haske yake cirewa.

Mai gyaran kyamara: Malam, ga gwajin da zai raba gardama. Kafa kyamara a kan ƙafa uku, kati mai ruwan toka ya cika hoton, ka toshe tagar leƙe don haske na shiga ta nan. Ɗauki RAW, wato hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, a kowane mataki daga f/1.4 zuwa f/11, kana bin mita. Tsakiyar hoto kawai za ka gwada, domin kusurwoyi kan yi duhun mataki 2 a f/1.4. Gyaran kowane mataki ka rubuta shi a ɗan tef, ka liƙa a murfin gilashin.