Idan mai kawo aikin zane ya ce a cika ko'ina, yaya kuke yi?

Mai tsara katin biki, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar zane. Akwai abin da ke damuna a shago. Mutum ya kawo aikin katin ɗaurin aure, ka tsara, ka bar wa sunan ango da amarya fili, sai ya leƙo kwamfuta ya ce, "Malam, nan ai babu komai, sa fure." Daga nan a ƙara girman sunan iyaye, da na abokan ango, da lambar waya, har komai ya zama kai ɗaya. To ido ina zai fara sauka? Ku da kuka daɗe a harkar, yaya kuke shawo kan wannan?

Mai rubutun allon shago, Kawo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ba na gardama da mai shago. In ya matsa, sai in jingine allon, in ja hannunsa mu tsallaka titi, in ce karanta. Wanda ke cikin Keke a titin Ahmadu Bello ba tsayawa zai yi ba, kallo ɗaya ne ya wuce. Shi ya sa nake jera rubutu hawa uku: sunan shago da manyan baƙaƙe, abin da ake sayarwa a ƙasa, lambar waya ƙarama. Kuma a kiyayi ruwan ɗorawa a kan fari. Da hunturu ya shigo ƙura ta hau, ba mai iya karantawa. Fari a kan shuɗi mai duhu kuwa daga nesa yake kiran mutum.

Mai lalle, Unguwar Rimi:
Baba, ku ma kuna da titin tsallakawa. Ni amarya ce a gabana, ƙawaye sun zagaye mu, kowa na cewa a ƙara. Lalle yana ɗan baje kafin ya bushe, in layuka sun matsu sai su haɗe, hannu ya yi duhu kawai. Fatar da na bari tsakanin fure da fure ita ke fito da zanen. Ina sa babban fure ɗaya a bayan hannu, sauran su riƙa ƙanƙancewa har zuwa yatsu.

Mai aikin babbar riga, Kasuwar Barci:
Ku yi haƙuri, ni zan ɗan kare masu kawo aiki. Idonmu da cikakken ado ya saba. Ku dubi hular zanna, ba wurin da allura ba ta taɓa ba. Ku dubi ƙofar fadar Zazzau, launi a kan launi, amma ba wanda ya ce ta yi hayaniya. Dalili shi ne zane ɗaya ake maimaitawa, da tazara iri ɗaya, ido ya bi shi a natse.

Kuma ku lura da aska takwas, zanen babbar riga wanda na gada a wurin mahaifina a Zariya. Nauyin aikin yana ɓangaren hagu, wajen aljihu, inda asake suke gangarowa da tsininsu. A dama kuwa tambari ne, zagaye guda, da yadi fili kewaye da shi. Hagu da dama ba su yi kama ba, amma in mutum ya sa rigar ya miƙe, ba ta rinjaya gefe ɗaya a ido. Zagayen nan ɗaya ya tare tsinin nan takwas. Idan wani ya ce in cike filin da ke kewaye da tambarin, a nan kam ina ƙi, ko da zai tafi da yadinsa.

Ɗalibar zane, jami'ar Ahmadu Bello:
Baba mai riga, abin da ka bayyana shi ake koya mana a aji: daidaito iri biyu ne, wanda ɓangarori suke kama da juna kamar dagin Arewa, da wanda nauyi ne kawai ya yi daidai. A nan Zariya, a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane tun suna ɗalibai, suna cewa a haɗa ilimin Turawa da zanen gida. Ina ganin rigarka darasi ce guda. Yaya mai kati, gwada wannan: mayar da katin fari da baƙi a kwamfuta, ka ɗan runtse ido. Abin da ya fara fitowa shi baƙo zai fara gani. In ba sunan ma'aurata da ranar biki ba ne, da sauran gyara.

Mai injin ɗab'i, Rigasa:
Ni roƙona ɗaya. Ku tsara biyu, naku da wanda mai kawo aikin yake so, ku buga a takarda ku miƙa masa a hannu. Launin da ke walƙiya a waya ba haka yake fitowa a injin ba, musamman kore da shuɗi masu haske. Kuma ku bar tazara a baki-baki, don wuƙar yanka tana cin rubutun da ya kai gefe.