Na haɗa motar hawan dutse ta rimot da tarkace, amma tana tsalle kuma tana kifewa

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum manya. Ina haɗa ƙaramar motar rimot irin mai hawan dutse, girman 1/10, duk da kayan tsince-tsince. Aksil na gaba irin na motar rimot SCX10 II ne, na baya kuma na tsohuwar SCX10 ta farko. Giyabos ɗin ma na tsohuwar ne, babbar giya haƙora 87, ƙaramar da ke kan moto haƙora 20. Moton na cire shi ne daga injin huda mai batir na bolt 12. Shasi na yanka daga alminiyom, batir kuma guda 2 na tsohuwar laftof. Matsalata uku ce. A kan siminti motar tana tsalle kamar akuya, kuma ba ta shan kwana sosai. Idan taya ta maƙale a dutse na murɗa sitiyari, sai komai ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo. Sannan da ta fuskanci tudu sai ta ɗaga gaba ta kife ta baya. Gangar jikin ina so ta fito kamar akori-kura. Daga ina zan fara gyara?

Makanikin Sabon Layi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da tsallen, don shi ne zai karya maka kaya. Aksil ɗinka biyu ba gudu ɗaya suke yi ba. Na SCX10 II a cikinsa giya mai haƙora 30 ce da mai haƙora 8, wato farfela, sandar da ke kawo juyi daga giyabos zuwa aksil, za ta juya sau 3.75 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Na tsohuwar SCX10 kuwa 38 da 13 ne, ya ba ka 2.92. Ka ga ke nan tayoyin baya sun fi na gaba gudu da kusan kashi 28 cikin 100. Baya na turi, gaba na togewa, a kan yashi taya za ta zame ba ka lura ba, amma a kan siminti ba wurin zamewa, sai ƙarfin ya taru a farfela har motar ta yi tsalle ta sake shi. Rashin shan kwanar ma daga nan ne.

Kada ka ɗauki maganata kawai, tunda kayan kwance ne wani ya iya canza giyar ciki kafin su zo hannunka. Sa alli ka yi alama a taya, ka kama wurin da farfela take shiga aksil ka riƙa juyawa kana ƙirgawa har alamar ta dawo inda take. Yi wa gaba, yi wa baya. Tun kana nan ka duba ko tayoyin hagu da dama a kulle suke tare. Motar hawan dutse ba ta son difarenshiyal a buɗe, don da taya ɗaya ta tashi sama duk ƙarfin can zai tafi. Idan a buɗe yake, wanke giris ɗin ciki tas da fetur, ka bari ya bushe, ka cika da Araldite ka bar shi kwana ɗaya.

Maganin gudun shi ne gaba ta ɗan fi baya sauri, ba akasin haka ba. Ana sayar da giya 43 da 13 na tsohon aksil, ya koma 3.31. Na gaban kuma akwai 27 da 8, akwai 24 da 8. Idan ka sa 24 da 8 ya zama 3.0, gaba ta fi baya da kashi 10 cikin 100, kuma wannan shi ne daidai: gaba na jan motar sama, kwana ta matse. Saya su biyu-biyu a haɗe, kar ka haɗa sabuwar babba da tsohuwar ƙarama, haƙoran ba za su zauna ba.

Sai moto. Na injin huda yawanci girman 550 ne, ramukan sukurunsa daidai suke da na 540, tazarar milimita 25, sandarsa milimita 3.17, sai dai ya ɗan fi tsawo, don haka duba kada gindinsa ya taɓa sandar aksil idan mota ta lotsa. Sandar ba ta da shafaffen gefe, sai ka goge mata gefe ɗaya da magagari inda ƙaramin sukurun giya zai cije, in ba haka ba giyar za ta riƙa juyawa ita kaɗai. Haƙora 20 sun yi masa yawa. Sauka zuwa 14. Lissafin: 87 raba 14, sau 2.6 na giyabos, sau 3.31 na aksil, ya kai wajen 53. Idan moton yana juyi 12,000 a minti, tayarka kuma milimita 120 ce, za ka samu kusan kilomita 5 a awa, tafiyar ƙafa ke nan, kuma ba a neman fiye da haka. Wajen ɗaure moto sa 'yar takardar littafi tsakanin giyoyin biyu ka matse, ka ɗaure, ka zare takardar. In ya matse da yawa moto zai yi zafi, in ya yi sako-sako haƙoran roba za su cinye.

Mai Gyaran Waya, Central Market:

Oga Makaniki ya gama da ƙarfe, bari in taɓa wuta. Ɗaukewar da kake gani ba lalacewa ba ce, yunwa ce. Sarbo, wato ɗan injin da ke murɗa sitiyari, idan taya ta maƙale yana iya zuƙar amfiya 2 zuwa 3 ko fiye a lokaci guda. Wutar da yake sha daga cikin ESC take fitowa, wato na'urar da ke sarrafa gudun moto, ta wani ɓangare da ake kira BEC, kuma risiba, mai karɓar saƙon rimot, ita ma daga nan take ci. Da sarbo ya zuƙe, sai bolt ya faɗi, risiba ta mutu ta sake tashi. Mutane da yawa kan canza rimot a banza saboda wannan.

Hanya biyu ce. Ko dai ka samu ESC da aka yi don wannan aikin, kamar Hobbywing QuicRun 1080, wanda BEC ɗinsa ke ba da amfiya 3 a bolt 6 ko 7.4, ko ka sa BEC na waje mai amfiya 5 zuwa 10 kai tsaye daga batir. Idan ka sa na waje, dole ka zare jar wayar tsakiya daga filogin ESC da ke shiga risiba ka naɗe ta da tef, kada wuta biyu su yi karo. Abin da ya sa na ambaci 1080 ba BEC kaɗai ba ne, yana da birkin da ke riƙe mota da zarar ka saki hannu. ESC na motar tsere ba shi da wannan, kana sakin hannu a kan gangara motar za ta sulale. Sarbo kuma kada ya gaza mai ƙarfin kilo 20, giyarsa ta ƙarfe, hannunsa na alminiyom. Ƙirga haƙoran bakinsa kafin ka sayi hannun, yawancinsu 25 ne amma akwai 23 da 24. A rimot ɗin rage iyakar juyawar sitiyari ta hagu da dama har sarbo ya daina ƙugi idan ya kai ƙarshe.

Amma ni ina zargin batir ɗinka ma. Ƙwayoyin 18650 na laftof an yi su ne don su daɗe suna ba da wuta kaɗan-kaɗan, ba don fizga ba, balle waɗanda suka tsufa. Moton 550 idan ya toge yana jan amfiya gommai. Guda 2 ba za su iya ba. In dai su za ka yi amfani da su, haɗa 6: uku-uku a jere gefe da gefe, sannan ka haɗa rukunin biyu kai da gindi su ba ka bolt 7.4. Cika kowace ƙwaya zuwa bolt 4.2, ka ajiye ta mako guda, wadda ta sauka da kanta jefar da ita daga lissafi. Wanda ya fi shi ne ƙwayoyin batirin injin huda, irin su Samsung 25R da ke ba da amfiya 20. Ƙaramin allon kariyar batir, wato BMS, na araha kada ka sa shi a hanyar fitar wuta, zai yanke daidai lokacin da mota ke kan dutse. Fitar da wayar daidaita caji ka yi amfani da caja irin iMAX B6. Tana aiki da bolt 11 zuwa 18, don haka ko NEPA ba ta kawo ba batirin sola ko na mota zai yi. Waya mai kauri lamba 14, filogi XT60. Kuma da zafin Katsina a watan Afrilu kada ka bar batir cikin rana ko cikin mota a rufe, kada ka yi caji a kan katifa.

Baban Yara na Daura:

Malam Makaniki, da izininka, ban yarda sai ya sayi giya ba tukuna. Kafin kaya su iso daga waje an kwana biyu. Tsohon aksil na SCX10 gidansa ɗaya ne gaba da baya, bakunan ne kawai ake canzawa. In zai samu bakin sitiyari da gajerun sandunan ciki na gaba, sai ya mai da 2.92 gaba, 3.75 baya. Gaba ta fi da kashi 28, masu gasa suna yin kusan haka da gangan.

Kifewar kuwa nauyi ne ya zauna sama kuma baya. Ɗora tayoyin gaba a kan sikelin awon kaya, na baya a kan katako mai tsawo ɗaya da sikelin, ka karanta, sannan ka juya. Ana son kashi 60 gaba, 40 baya. Batir ya dawo gaba, ƙasa-ƙasa, kusa da aksil. Je wurin masu faci ka karɓi dalmar da ake liƙa wa wilin mota, ka zagaya cikin wilin gaba da ita, giram 60 zuwa 80 kowanne, na baya ka bar su ko ka sa kaɗan. Nauyin da ke cikin taya ya fi amfani, don ba ya kan sifirin.

Shokazoba masu tsawon milimita 90 sun isa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga mota sama don ciki kada ya taɓa dutse. Bar ta ta zauna, idan ka ajiye ta da batir a ciki shokazoba su nutse kusan rabi. Man ciki na silikon ne lamba 30. Man inji yana kumbura robar ciki ta fara yoyo.

Sandunan da ke riƙe aksil ba sai ka saya ba. Dogon bol mai zare na milimita 4, ka zura shi cikin bututun birkin mota ko na alminiyom, ka ɗaura kawunan roba masu ƙwallo a bakunan biyu. Na hagu da na dama su zo daidai har milimita, in ba haka ba motar za ta yi tafiyar kaguwa. Tazarar aksil zuwa aksil nufi milimita 313. Hilux mai ƙofa huɗu ta yanzu 3,085 ce, Land Cruiser 79 kuma 3,180, raba da 10 ka ga duk suna nan kusa, ka zaɓi wadda za ka kwaikwaya. Idan sarbo a kan shasi ka ɗaura shi, gaba tana buƙatar sanduna uku da ta huɗu a gicciye, wadda ake kira Panhard, kuma dole ta yi tsawo ɗaya da kwanciya ɗaya da sandar sitiyari, in ba haka ba duk lotsawa sai taya ta juya da kanta. Ga mai farawa ɗora sarbo a kan aksil da sanduna huɗu ya fi sauƙi, ko da bai kai wancan kama da motar gaske ba. Farfela kuma idan ka zura rabi cikin rabi, kunnuwan gaɓoɓin biyu su kalli gefe ɗaya, saɓaninsu ma yana kawo karkarwa.

Farantin ƙasa yanka shi daga farin allon roba na yankan nama, yana sulɓi a kan dutse, alminiyom kuwa cijewa yake yi. Gangar jiki, bututun PVC na inci 4, tsaga shi a tsaye, gasa shi sama-sama nesa da harshen wuta a fili, ka danne tsakanin katako biyu, zai ba ka faranti mai faɗin kusan santimita 34. Kada ya ƙone, hayaƙinsa guba ne. Nemi mafi siranta, don duk abin da ka ɗora sama yana ɓata aikin dalmar da ka sa ƙasa.

Makanikin Sabon Layi:

Yaya, zai yi aiki, amma kashi 28 na masu dutse zalla ne. Shi da zai riƙa gwaji a tsakar gida kan siminti, tayoyin gaba za su cinye kuma farfelar roba za ta murɗe. In zai bi hanyarka to ya sassauta kulocin da ke jikin babbar giya kaɗan, yadda zai zame kafin wani abu ya karye, kuma ya duba ko bakin baya na SCX10 II ɗin yana hannunsa, don ba ya shiga da na tsohon. Ya auna faɗin aksil biyun ma daga inda wili ke zama, in akwai bambanci sai a cike da mazaunin wili mai kusurwa shida na milimita 12 wanda ya fi kauri.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Allah ya saka da alheri manya. Na ƙirga, gaba uku da kusan kwata uku, baya ya kusa uku, kamar yadda Oga ya faɗa. Bakin baya na SCX10 II ba ni da shi, don haka giya zan nema. Saura taya: nawa sun yi tauri, ba soso a ciki. Soson katifa zai yi?

Baban Yara na Daura:

Zai yi. Yanka shi zobe da reza, faɗinsa ya ɗan gaza na cikin taya, ka soke gefunan kaɗan. Na baya ya fi na gaba tauri don kada taya ta lanƙwashe a gefen tudu. Huda wili ramuka biyu na milimita 2 iska ta riƙa fita, sai dai ka sani ƙurar hunturu da ruwa za su shiga ta nan, ka riƙa kwancewa kana shanya soson. Robar da ta yi tauri kuwa ba soson da zai gyara ta: yanke kowane kunnen taya na biyu ko ka tsaga su da reza, kafin ka samu masu laushi na wili mai inci 1.9.