Wane girman ƙwayar kabon ya dace da tanderun indokshin na tan 1?

Assalamu alaikum, masana narkar ƙarfe, ku taimaka.

Tanderun indokshin (mai narka ƙarfe da wutar lantarki) muke da shi mai cin tan 1. Tarkacen ƙarfen da muke narkawa kabon ɗinsa kusan 0.20% ne, muna son kai shi 0.45%. A lissafi, kilo 3 na kok ɗin fetur gasasshe (wani irin gawayi da ake samu wajen tace man fetur) mai kabon 98% ya isa. Amma na'urar gwaji ba ta taɓa ba mu lamba ɗaya sau biyu ba.

Da farko gari muka sa, ƙasa da milimita 1, bayan ƙarfen ya narke. Sai ya bazu a sama yana ci da wuta, fankar zuƙe hayaƙi ta kwashe wani, muka tashi da 0.31%. Muka koma milimita 5 zuwa 10. Wannan bai ƙone ba, amma bayan minti 15 a zafin digiri 1,600 na Celsius ƙwayoyin na nan baƙi ƙirin suna yawo cikin kashin ƙarfe, da shi muke kwashe su. Samfurin farko 0.36%, na biyu 0.42%, a narki guda.

Ferosilikon (haɗin ƙarfe da silikon) sai a ƙarshe muke sawa, don silikon na rage shan kabon, saboda haka matsalar ba daga nan ba ce. Tarkacen dai akwai tsatsa, na san tana cin nata rabon na kabon.

Tambayata: idan muka koma milimita 1 zuwa 5, muka shimfiɗa shi tsakanin tarkacen tun kafin a kunna wuta, zai narke duka, ko tsatsar ce za ta cinye shi kafin ya shiga ƙarfen?